Darasi na 9: Naman Kazan Damina a Lugbe, Abin da Waya Ke Gani da Abin da Ba Ta Gani

Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Lugbe cikin watan Yuni ko Yuli, ƙasa ta kwana biyu a jiƙe, akan wayi gari da wasu fararen laimomi sun tsiro a inda jiya ba komai sai ciyawa. Ana ganinsu a filayen makarantu, da gefen magudanai a rukunin gidajen Federal Housing, da gonakin da suka rage ta wajen Pyakasa da Sabon Lugbe, da jikin kututturen da maginan gidaje suka sare suka bari. Bahaushe yana ce musu naman kaza, wani ya ce laimar kwaɗi, kuma galibi yakan ratse ya wuce. Maƙwabcinsa Bagware ko Tibi ko Ibo ko Bayarabe kuwa yana iya sunkuyawa ya duba, domin a wurinsu wasu daga ciki kayan miya ne masu daraja. Yanzu kuma ga wayar hannu a aljihun kowa, da manhajojin da ke cewa ka ɗauki hoto su gaya maka sunan abu. Wannan darasi zai koya muku neman naman kaza da lura da shi da ɗaukarsa hoto, amma a kan hujja guda aka gina shi: hoto shaida ne da ake adanawa don a yi nazari, ba shi da ikon yanke hukuncin abin da zai shiga tukunya. Wanda ya riƙe wannan zai ƙaru da ilimi ba tare da ya jefa iyalinsa cikin haɗari ba.

Da farko dai, naman kaza ba tsiro ba ne irin su gero da yakuwa. Ba shi da koren ganye, ba ya haɗa abincinsa da hasken rana, abin da yake yi shi ne narkar da matattun itatuwa da ganye da kashin dabbobi, ko kuma ya yi zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wata halitta mai rai. Tun shekarar 1969 masanin halittu Robert Whittaker ya ware danginsa daga tsirrai, ya ba su rukuninsu daban. Abin da muke gani a bisa ƙasa ɗan ƙaramin sashe ne na halittar. Ainihin jikinta wani siririn farin zare ne da ya saƙu cikin ƙasa ko cikin itace, yana nan rani da damina ba a ganinsa. Laimar da ke fitowa kamar 'ya'yan mangwaro ne, zaren nan kuwa shi ne bishiyar. Aikin laimar kawai ta ɗaga kai ta watsa wata ƙurar iri mai laushi wadda iska ke kwasa. Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin laimar ruwa ne, shi ya sa ba ta fitowa sai ƙasa ta sha ta ƙoshi, shi ya sa kuma take kumbura cikin dare guda, ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Yankin Abuja yana samun ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, abin da ya haura milimita 1,200 a shekara, fiye da Kano da Sakkwato, don haka mutumin da ya taso a can arewa zai ga nau'o'i a Lugbe waɗanda bai taɓa gani a garinsu ba. Lokacin da ya fi dacewa a fita nema shi ne da sassafe, kwana ɗaya zuwa uku bayan ruwa mai ƙarfi, kafin rana ta ƙona su ko awaki su tattake.

Mai nema ba ya yawo haka kawai, yana tambayar kansa ne: me wannan halitta take ci? Amsar ita ce ke kai shi wurin. Wasu nau'o'in matacciyar ciyawa da taki suke ci, su ne ake samu a filin ƙwallo da lambun gida da inda shanu suka kwana. Wasu itace suke ci, sai a gan su jere a jikin kututture ko gungumen da ya daɗe a yashe. Daga cikinsu akwai *Lentinus squarrosulus* mai farar laima da ake miya da shi a kudancin ƙasar nan, da *Ganoderma* mai tauri da sheƙi wanda ba ya taunuwa. Wasu kuma a haɗe suke da saiwar wasu bishiyoyi na musamman irin su doka da kawo, suna ba bishiyar ruwa da gishirin ƙasa, ita kuma tana ba su sukari. Waɗannan ba sa rayuwa idan an sare bishiyar, kuma a wurin da buldoza ke share daji kowace shekara don a kafa sabon rukunin gidaje, su ne ke fara ɓacewa ba tare da kowa ya lura ba.

Rukunin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na suri, domin shi ne mafi daraja a kasuwa, kuma shi ne ake yawan ruɗewa a kansa. Akwai wasu nau'o'in gara da ke noma a ƙarƙashin ƙasa. Suna kwaso busasshen itace da ciyawa, su tauna, su gina wata saƙa mai ramuka a cikin ɗakunan gidansu, sannan su shuka zaren naman kaza a kanta. Zaren yana narkar da itacen da cikin gara ba zai iya narkarwa ba, garar kuma ta ci abin da ya nuna. An tono burbushin irin wannan gona a Tanzaniya wadda ta kai shekara miliyan 25. Masanin Faransa Roger Heim ne ya raɗa wa wannan dangi suna *Termitomyces* a 1942, kuma a cikinsa ne ake samun naman kaza mafi girma da ake ci a duniya, *Termitomyces titanicus* na ƙasar Zambiya, wanda faɗin laimarsa kan kai mita guda. Da damina zaren yakan turo laima daga can cikin gonar gara har ta huda ƙasa. Saboda wannan doguwar tafiya, yawancin nau'o'insa suna da alamu biyu: wani tsini mai tauri a tsakiyar laimar wanda da shi ta huda ƙasa, da wata doguwar wutsiya a ƙarƙashin karan wadda ke nutsewa ƙasa, wani lokaci fiye da kamu guda. Har yau ba a iya noma shi don kasuwa ba, tunda ba ya yi sai da gara, shi ya sa masu saninsa suke riƙe wuraren da yake fitowa kamar sirri, suna komawa duk shekara. Sai dai a kula da abu biyu. Ba kowace gara ce ke gina suri a bisa ƙasa ba, don haka yana iya fitowa a fili inda ba a ga tudu ba. Haka kuma ba duk abin da ya tsiro a gefen suri ne ɗan wannan dangi ba.

A nan ne matsalar take, domin kama da wane ba wane ba ne. Akwai wani nau'i mai suna *Chlorophyllum molybdites* da ke son ciyawar da ake yi wa ban ruwa da taki, wato daidai irin filayen da ke cikin rukunin gidaje da makarantu da harabar ofisoshi. Babba ne, fari tas, da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a bisa laimarsa da zobe a wuyan karansa, yakan fito da yawa a jere ko a kewaye. Ga ido, ya fi na suri ban sha'awa. Wanda ya ci shi, cikin awa ɗaya zuwa uku zai kama amai da gudawa mai tsanani, wani lokaci har da jini, kuma ga ƙaramin yaro ko tsoho rashin ruwan jiki kaɗai ya isa ya kai shi ga halaka. A Amurka shi ne kan gaba wajen yawan mutanen da yake kwantarwa. Alamarsa ta gaskiya tana ƙarƙashin laima: haƙarƙarinsa kan rine zuwa kore-kore idan ya manyanta. To amma yana ƙarami, lokacin da ya fi kyau a ido, haƙarƙarin fari ne sol. Wanda ya ɗauke shi hoto daga sama bai kama komai ba daga cikin abin da zai raba shi da na ci.

Wannan ma mai sauƙi ne idan aka gwada shi da gubar da ake kira amatoksin. Ana samunta a wasu nau'o'in dangin *Amanita*, da wasu ƙanana na dangin *Lepiota* da *Galerina*. Mafi shahara shi ne *Amanita phalloides*, ɗan asalin Turai wanda ya bi dashen itatuwa ya isa Afirka ta Kudu da Ostareliya da Amurka, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na mutuwar da naman kaza ke jawowa a duniya daga gare shi ne. Rabin laima guda na iya kashe babban mutum. Muguntar wannan guba ita ce jinkiri. Mutum zai ci ya ji daɗi, ya kwana lafiya, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, a ce ai ya warke, alhali a lokacin ne gubar ke cin hantarsa. A kwana na uku zuwa na biyar ido ya yi rawaya, hanta ta tsaya, wani lokaci har da ƙoda. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, shanya a rana ba ta kashe ta. Duk wanda ya fahimci wannan jinkiri ya san cewa maganar «bari in ɗanɗana kaɗan in gani» ba gwaji ba ce.

Tantance naman kaza aikin tara shaidu ne, ba a yanke shi da shaida guda. Shaidar farko ita ce wurin: a kan me ya tsiro, ƙasa ko itace ko taki, wace bishiya ce kusa, akwai suri ko babu, shi kaɗai ne ko a cunkushe. Ta biyu ita ce gindi, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke yin asara, domin sukan fizge shi ko su yanke shi daidai ƙasa. Sai a sa wuƙa ko tsinken itace a tone shi a hankali har a fito da ƙarshensa. Doguwar wutsiya mai tsukewa tana nuni ga na gara. Gindi mai kumburi kamar albasa, musamman idan yana zaune cikin wata 'yar jaka mai kama da kwanson ƙwai, yana nuni ga dangin *Amanita*, kuma mai koyo ya ajiye duk abin da ke da wannan jaka. Daga nan sai ƙarƙashin laima: haƙarƙari ne jere, ko ƙananan ramuka kamar soso, sun manne da kara ko sun tsaya nesa da shi, wane launi ne. Sai a tsaga shi gida biyu daga sama har ƙasa, a duba ko karan na da rami, ko naman na canza launi idan iska ta taɓa shi, ko yana fitar da wani ruwa kamar madara. A shinshina, a rubuta abin da hanci ya ji. Taɓa naman kaza da hannu ba ya sa guba ta shiga jiki, sai dai a wanke hannu kafin a ci abinci.

Shaida ta ƙarshe ba ta bukatar kuɗi, haƙuri kawai take so. A yanke laimar daga karan, a kife ta a kan takarda wadda rabinta fari ne rabinta baƙi, a rufe da kofi ko kwano don kada iska ta shiga, a bar ta daga safe zuwa yamma ko ta kwana. Idan aka ɗaga, ƙurar irin ta zubo ta zana siffar haƙarƙarin a takardar, layi-layi daga tsakiya zuwa baki. Wannan shi ne tambarin iri. Na *Chlorophyllum molybdites* kore-kore ne, kuma da ganinsa magana ta ƙare. Na *Amanita* da *Lepiota* fari ne, shi ya sa ake bukatar ɓangaren baƙi na takardar. Na *Termitomyces* yana da ɗan ruwan hoda mai haske. Amma ko wannan ba ya tsayawa shi kaɗai, domin dangin *Entoloma* ma ruwan hoda ne tambarinsu, kuma akwai masu guba a cikinsu. Tambari ya fi ƙarfi wajen cewa «ba shi ba ne» a kan cewa «shi ne».

Idan an gane cewa shaidu ake tarawa, an gane yadda za a ɗauki hoto, domin aikin wayar shi ne ta riƙe shaidun nan kafin laimar ta ruɓe. Hoto guda daga tsaye, irin wanda ake turawa a WhatsApp a ce «wa ya san wannan?», kusan ba shi da amfani ga masani. Kafin a taɓa komai, a ja da baya a ɗauki wurin gaba ɗaya, yadda za a ga kututturen ko surin ko ciyawar. Sai a durƙusa, a kai wayar daidai ƙasa, a ɗauke shi daga gefe. Idan aka juya wayar kanta ƙasa, idon kyamarar zai fi kusa da ƙasa, a ga laima da kara a tare. Ƙarƙashin laima kuwa ana iya kama shi tun kafin a tone, ta hanyar kwantar da wayar a ƙasa da kyamarar gaba, ko a sa ɗan madubi. Bayan an tone, a kwantar da shi cikakke da gindinsa, a ajiye biro ko akwatin ashana ko rula a gefensa don a san girmansa, a ɗauka. A tsaga, a sake ɗauka nan take, a kuma ɗauka bayan minti biyar ko goma idan launi ya canza. In akwai ƙarami da matsakaici da tsoho, a jera su a hoto guda, saboda abin da muka gani game da haƙarƙarin da ke rinewa da girma. Na ƙarshe shi ne hoton tambarin iri a gida.

Haske shi ne ke ɓata yawancin hotunan. Farar laima a tsakar rana takan fito kamar farin tabo, ɗigon da ke kanta duk ya ɓace. Safiya mai hadari ta fi, kuma idan rana ta fito, mutum ya tsaya yadda inuwarsa za ta rufe abin duka. A kashe filashi, domin yana canza launi. Idan ƙarƙashin laima ya yi duhu, a riƙe farar takarda a gefe ta mayar da haske ciki. A goge idon kyamara da gefen riga, a taɓa allon a daidai kan laimar don ta fito sarai, kada kuma a yi wa hoton kwalliyar launi bayan an ɗauka, tunda launin nan shi ne shaidar. Abin da kyamara ba ta kamawa, wato wari da kwanan wata da sunan unguwa, a rubuta a littafi. Wanda zai tafi da shi gida ya naɗe a takarda, kowane nau'i daban, ban da leda, domin leda na sa shi gumi ya narke. Kuma tunda damina ce, a sa takalmi mai rufi, a buga ciyawa da sanda kafin a miƙa hannu. Tsohon suri da ƙarƙashin gungume mazaunin maciji da kunama ne.

Wani zai ce, to in an ɗauki duk waɗannan hotuna, me ya hana manhaja ta faɗi sunan a huta? Ai gani ya kori ji. Amsar tana cikin gwajin da aka yi. A 2023 wasu masu bincike a Ostareliya sun buga sakamakon gwada manhajoji uku da suka shahara, da hotunan naman kaza 78 waɗanda ƙwararru suka riga suka tantance. Wadda ta fi ƙoƙari a cikinsu ba ta kai rabi ba, kuma an samu lokutan da aka kira mai kisa da sunan wani abu daban. Wannan a ƙasar da aka daɗe ana tattara hotunan nau'o'inta ke nan. Manhaja tana koyo ne daga hotunan da aka ba ta, mafi yawansu kuma daga Turai da Amurka suke. Idan aka nuna mata ɗan Lugbe wanda ba ta taɓa gani ba, sau da yawa ba za ta ce «ban sani ba» ba, za ta lalubo ɗan Turai mafi kama da shi ta ba ka sunansa. Ba a hana amfani da ita ba. Dandali irin su iNaturalist, wanda aka fara a 2008, yana da amfani wajen nuna maka dangin da za ka bincika, kuma mutane masu ilimi suna duba abin da aka ɗora. Amma shawarar da ta yi daidai sau ɗaya cikin biyu ba a ɗora hantar yaro a kanta.

Wani kuma zai zo ta ɗaya ɓangaren ya ce iyaye da kakanni sun ci naman kaza ba waya ba littafi, kuma suna da hanyoyin gwaji. Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma ya kamata a raba rabin nan da ɗayan. Gwaje-gwajen da ake yaɗawa, cewa wanda tsutsa ko dodon koɗi ya ci ba shi da guba, ko mai guba yana baƙanta cokalin azurfa, ko mai ɗaci ne kawai ke kisa, ko fari duka lafiya ne, babu ɗaya da ya tsaya. Ƙwari suna cin *Amanita phalloides* su tashi garau, mutanen da suka ci shi suka rayu kuma sun ce yana da daɗi. Abin da ke kare tsohuwar Bagwariya da ke tsinkar naman kaza ba gwaji ba ne. Nau'i kaɗan ta sani, ta san su tun tana yarinya a hannun uwarta, a wuri guda, a lokaci guda na shekara, sauran duka kuwa ba ta taɓawa. Iliminta mai zurfi ne amma a ɗaure yake da ƙasarta, kuma irin wannan ilimi ba ya bin mutum tafiya. A Kalifoniya an sha samun 'yan asalin kudu maso gabashin Asiya sun ci *Amanita phalloides* suna zaton *Volvariella volvacea* ne da suka saba ci a gida. A 2015 'yan gudun hijira da dama sun kwanta a asibitocin Jamus kan irin wannan kuskure, har aka buga sanarwar gargaɗi da Larabci da wasu harsuna. A 2021 wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, masu shekara 5 da 6, da aka kwaso daga Afganistan, sun rasu a Folan bayan cin miyar abin da aka tsinko a dajin da ke kusa da sansaninsu. Lugbe kuwa gari ne na baƙi. Tun da aka dawo da babban birnin tarayya Abuja a ranar 12 ga Disamba 1991, mutane daga kowace kusurwar ƙasar nan suke sauka a bakin titin filin jirgi, kowa da hoton naman kazan garinsu a kansa. Ko 'yan ƙasa ma ba su fi ƙarfin kuskure ba: a lardin Yunnan na Sin mutum kusan 400 suka mutu farat ɗaya cikin shekara 30, sai a 2010 aka danganta abin da wani ɗan ƙaramin farin naman kaza, *Trogia venenata*, wanda mutanen ƙauyukan ba su ɗauke shi mai guba ba.

Akwai kuma abin da ba ruwansa da nau'i. Naman kaza yana zuƙe dalma da sauran ƙarafa masu guba daga ƙasar da ya tsiro. Wanda ya fito a bola, ko bakin babban titi, ko garejin kanikawa, ko gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa, ko da na ci ne a asali, bai dace da tukunya ba. A gari irin Lugbe wannan sharaɗi kaɗai ya fitar da wurare masu yawa.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta uku: idan hoto ba zai ba ni izinin ci ba, me zai sa magidanci ko uwargida su durƙusa a cikin laka? Dalilin farko na cikin gida ne. Yara masu rarrafe da masu wasa a tsakar gida su ne ke kai abu baki, kuma iyayen da suka san *Chlorophyllum* za su tuge shi daga fili tun da safe. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, hoton da ya nuna gindi da haƙarƙari na iya taimaka wa likita ya san ko da ciwon ciki yake fama ko da gubar hanta. Dalili na biyu ya fi faɗi. Rahoton da lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila ya fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa dangin naman kaza da funfuna sun kai nau'i miliyan 2.5, waɗanda aka raɗa wa suna kuwa wajen 155,000 ne. A Nijeriya, ayyukan farko da ake komawa gare su, irin littafin M. H. Zoberi na 1972 da binciken B. A. Oso na 1975 kan naman kaza a wurin Yarabawa, sun fi karkata ga kudu. Dajin tsakiyar ƙasar nan yana ƙarewa da sauri fiye da yadda ake rubuta abin da ke cikinsa, tsofaffin da suka san sunayen kuma suna tafiya. Hoto mai kyau, da kwanan wata da wuri da sunan da 'yan ƙasa ke kiransa, shaida ce da mai bincike zai iya aiki da ita, kuma masu binciken ba su da nisa: hedikwatar hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa, wadda a da ake kira NABDA, a Lugbe take, jami'ar da aka fi sani da Jami'ar Abuja kuma tana kan titin filin jirgi. Wanda kuma burinsa miya ce ko sana'a, hanyarsa ita ce naman kazan noma irin *Pleurotus*, wanda ake shukawa a cikin garin katako daga irin da aka san asalinsa. A can babu caca.

Idan aka ci wanda ba a tabbatar ba, kada a jira alama. Manja da madara da tsimi ba sa karya wannan guba, ɓata lokaci kawai suke yi. A tafi asibiti nan take, a kwashi duk waɗanda suka ci daga tukunyar ko da ba su ji komai ba, a tafi da ragowar ɗanye da dafaffe da hotuna, a gaya wa likita ƙarfe nawa aka ci da ƙarfe nawa amai ya fara. Amai da ya makara fiye da awa 6 ya fi wanda ya zo da wuri ban tsoro, kuma sauƙin da ke zuwa a kwana na biyu ba dalilin barin asibiti ba ne.

Aikinku kafin zama na gaba shi ne wannan. Bayan ruwa na farko mai ƙarfi, kowa ya nemo nau'i biyu daga wurare daban, ɗaya na itace ɗaya na ƙasa. Ya ɗauki hoton wurin, da gefe, da ƙarƙashi, da gindi tare da ma'auni, da tsagin, ya fitar da tambarin iri, ya rubuta wari da kwanan wata da unguwa. Sannan ya nemi dattijo ko dattijuwa 'yan asalin yankin, ya gaishe su yadda ya kamata, ya nuna musu, ya rubuta sunan da suka faɗa da abin da suka ce sun duba kafin su faɗa. Ku zo da takardun aji mu gwada amsoshinsu da na manhaja. Kada kowa ya dafa abin da ya tsinko don wannan aiki.